Kafar da Aka Toshe a Shingen Tumaki

Ranar da Baban Auta ya gama zagaye gonarsa da wayar ƙarfe, ya yanka rago cikin nasa na kiwo. Shekara da shekaru karnuka na kutsowa ta wata kafa a gindin tsohuwar bishiya suna ɗauke masa 'yan tumaki. Yau dai ya toshe ta.

Rana na gab da faɗuwa. Matarsa Inna na zaune a tsakar gida tana yanyanka naman tana shanyawa a igiya. Auta, 'yar da ta rage a gabansu, tana kora tumaki garke. Sai dutse ya faɗo cikin robar naman. Inna ta ɗaga kai. Gidan shi kaɗai ne a tsakiyar gona, ba maƙwabci, ba mai wucewa. Wani dutsen ya sauka a kan rufin kwano. Tumakin suka bar dusa, suka juya gaba ɗaya suna kallon shinge.

Tun daga ranar, kowace magariba sai jifa. In jifan ya lafa, sai a ji wani siririn kuka daga bayan shinge, kamar na jariri. Naman da ke igiya bai bushe ba, bai kuma ruɓe ba, yana nan yana ɗiga. Tumakin suka ƙi fita kiwo, ko an ja su sai su cije a bakin ƙofa.

"Baban Auta, mu koma gidan yayana," in ji Inna.

"Mu bar wa wa dabbobin? Duk ciki gare su."

Amma da abin ya ci tura, ya yarda. Da safe suka ɗaure kaya. Auta na isa ƙofar shinge ta faɗi kamar ta yi karo da bango. Da ta tashi ba ta san kowa ba. Ta kama bin waya tana zagaye gonar, tana lalube, ƙayar wayar na yankar tafukanta. In sun riƙe ta, ta watsar da su. Uban ya yi ƙoƙarin fita da ita a kafaɗa, ta yi masa nauyin da ya durƙusar da shi. Suka kwance kayan.

Da la'asar ya je ya zo da wani tsohon malami mai ruƙiyya. Malam ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, ya yi ta karatu a kunnenta har inuwa ta cinye tsakar gidan. Can sai bakin Auta ya buɗe, amma muryar ta wata babbar mace ce, a dashe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta ne ya rufe ni. Kullum ta gindin bishiyar nan nake shigowa in tatsi tunkiya ɗaya, in fita. Ran nan na juyo na tarar da ƙarfe. Ƙofar tasu ma ƙarfe ce. Na yi jifa, ba wanda ya gane. Na shiga jikinta ko ƙafarta za ta fitar da ni, ita ma ta kasa."

"Kukan da ake ji fa?"

Muryar ta karye. "Ɗana ne. A waje na ajiye shi."

Inna ta toshe baki da gyale.

"A buɗe mini," in ji aljanar, "a kuma zubar mini da jinin rago, ladan wahalata."

Malam ya ce, "Jini ba naki ba ne, ba a yanka wa kowa sai Allah. Hanya za a ba ki, ke kuma ki rantse kin bar yarinyar nan da nonon tumakin mutane."

Aljanar ta ce, "Na rantse. Amma kada a sake toshewa, hanyarmu ce tun kafin a gina gidan nan."

"Malam, karnuka fa?" in ji Baban Auta a sanyaye.

Idanun 'yarsa suka juyo kansa. "Ka san zafin ɗan tunkiya, ba ka san na ɗan wata ba?"

Ya dubi tafukan Auta da jini ya bushe a kai. Ya ɗauki filaya ya nufi bishiyar, ya datse wayar silli bayan silli. Wata iska mai sanyi ta goge shi ta wuce, ciyawa ta kwanta a bayanta.

A tsakar gida Auta ta yi atishawa ta sulale a jikin uwarta, tana neman ruwa da muryarta ta da. Kukan bayan shinge ya ƙaru, ya ƙaru, sai kuma ya yanke ɗif.

"Ko mutuwa ya yi?" Baban Auta ya tambaya da ya dawo.

Inna ta girgiza kai, hawaye na bin kumatunta. Ta goyi 'ya'ya, ta san irin wannan shirun.

"A'a," ta ce. "Nono ya kama."