Tutar Zinariyar Luba

Mansura 'yar aji shida ce a wata firamare a Suleja. Kowace Asabar da Lahadi, idan ta gama wanke-wanke, Ummanta kan ara mata waya na awa ɗaya.

Wasan da take so a wayar shi ne Tseren Kogi. Kowa da kwale-kwalensa, yana tuƙawa da yatsa. Yaran Suleja masu wasan suna da gurup ɗinsu na hira. Ƙawarta Luba ma tana ciki.

Wata rana aka sanar da gasa ta musamman. Ranar Asabar bayan La'asar za a buɗe sabon kogi na awa ɗaya tak. Duk wanda ya kai ƙarshensa zai sami tutar zinariya.

Mansura ta ƙagu ranar ta zo. Amma da ta zo, sai Umma ta ce, "Shirya, za mu garin Gawu Babangida duba Kaka."

A gidan Kaka kuwa babu sabis. Mansura ta ɗaga waya sama. Ta fita tsakar gida. Har kan turmi ta hau, amma wasan ya ƙi buɗewa. Haka gasar ta wuce ta.

Washegari da suka dawo gida, ta buɗe gurup. Kowa ƙorafi yake yi. Wani ya ce kogin ya cika wuya. Wata ta ce sau tara dutse yana fasa mata kwale-kwale.

Da ma ran Mansura a ɓace yake. Sai ta rubuta, "Ai wannan kogin ba ya ƙetaruwa. Duk wanda ya sami tuta, maguɗi ya yi."

Nan da nan aka yi ta amsa mata. "Wallahi gaskiya ne!" "Kin faɗi abin da ke ranmu!" Mansura ta ji daɗi, ta mayar wa Umma wayarta.

Ranar Litinin a makaranta, ta tarar da Luba ta kifa kai a kan tebur.

"Luba, lafiya?"

Luba ta ɗago, idanunta sun yi ja. "Ni ce mai maguɗin, ko? Jiya aka fito da sunayen waɗanda suka ci. A gurup ɗinmu ni kaɗai na sami tuta. Sun yi ta zagina, kuma Bamalli ya cire ni."

Bamalli shi ne mai kula da gurup ɗin.

"Ban san kin ci ba," in ji Mansura.

"Kin tambaye ni?" Luba ta ɗauki jakarta ta canza benci.

Da Mansura ta koma gida, ko abinci ta kasa ci. Umma ta dube ta ta ce, "Me ya faru?"

Mansura ta faɗa mata komai. Umma ta ɗauko wayar, ta karanta saƙon a hankali.

"Wannan kogin da kika ce ba ya ƙetaruwa, kin gan shi?"

"A'a, Umma."

"Wanda ya yi maguɗin fa, kin gan shi?"

"A'a. Na ga kowa yana fushi ne. Ni ma kuma ina jin haushi ban yi gasar ba."

"To kin gani. Su sun ce wasa ya yi wuya, kuma sun gwada, suna da bakin magana. Ke kuwa ba ki je ba, amma kika ɗora wa mutum laifi."

"Bari in goge saƙon."

"Sun riga sun karanta. A gaban kowa kika ɓata, a gaban kowa za ki gyara."

Mansura ta karɓi wayar. Ta rubuta, "Ku yi haƙuri. Ban ma yi gasar ba, ina Gawu ranar. Maganar maguɗi ni na ƙirƙire ta don haushi. Luba ba ta yi komai ba."

Wasu suka yi mata dariya. Wani ya ce, "Ashe ma ba ki buga ba!" Kunya ta kama ta, amma ta bar saƙon a wurin. Can sai Bamalli ya rubuta, "Mu ma mun yi gaggawa." Ya mayar da Luba gurup.

Da yamma Umma ta raka ta gidan su Luba. Mansura ta ce, "Ki yafe mini, don Allah."

Luba ta dube ta. Sannan ta ce, "Ya wuce. Amma kin san ni ma sau shida na nutse? Sai na lura akwai farin tsuntsu a gaba. Inda ya bi, babu dutse."

Mansura ta ce, "Ki faɗa musu mana!"

Luba ta bayyana dabarar a gurup. Masu zaginta jiya suka koma yi mata tambayoyi da godiya. Da aka sake buɗe kogin bayan sati biyu, yara goma sha ɗaya suka ƙetare. Mansura ta nutse sau huɗu, a na biyar ta kai. Luba tana gefenta tana tafi.

Tun daga ranar Mansura ta koyi darasi. Ba ta ƙara faɗin abin da ba ta gani ba don kawai jama'a suna fushi. Ta gane cewa a bayan kowane suna a waya akwai mutum, kuma magana tana yi masa zafi.