Hular Abdulai

Tas! Marin ya sauka a kuncin Raudatu har ɗan kunnenta ya faɗa ƙarƙashin kujera.

"Mayya! Ƙanina kika mayar bawa?"

Iyatu ce, yayar mijinta Abdulai. Ta faɗo ba sallama, ta tarar da shi tsugune, kai ba hula, yana wanke wa matarsa ƙafa a roba.

Ni kuwa tsohuwar maƙwabciyarsu ce, ƙofata na kallon tasu a unguwar Morris Heights, kunnena kuma lafiya lau, don haka na san abin da Iyatu ba ta sani ba. Abdulai ƙato ne, duk mako cikin daka wa ma'aikata tsawa yake a shagonsa na Canal Street. Shi da bakinsa ya roƙi Raudatu ta riƙa mulkinsa ran Lahadi, ya huta. In ya ɗora hularsa a hannunta, umarni nata ne. In ya karɓa, an tashi. Kuma ba ta taɓa sa shi aiki babu "don Allah" ba.

Iyatu ta shuri robar, ta finciki gashin Raudatu ta haɗa kanta da bango. Jini ya ɓalle mata a leɓe. Abdulai ya faɗa tsakaninsu, butar da Iyatu ta jefo ta same shi a goshi.

"Ka rubuta mata saki! Right now! Ko in kira uwarmu Mma a Kumasi!"

Hular tana hannun Raudatu. Duk abin da ta ce, zai yi.

Sai ta durƙusa, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Maigida, ga hularka... Wannan ba maganar umarni ba ce. Ka zaɓa da kanka."

Ya karɓa ya kafa.

"Yaya, ki yi haƙuri ki fita. Kika ƙara taɓa matata, 'yan sanda zan kira."

"Ni? Ni da na goye ka?"

"Ke fa."

Ta fice tana tsinuwa, saura kaɗan ta ture ni da tsintsiyata.

Ya goge wa Raudatu jinin a hankali, sannan ya cire hular ya tsugunna.

"Ranki ya daɗe, saura ƙafa ɗaya."

"Ka tabbata, nawan?"

"Na tabbata."

Hawaye suka zubo mata, ta karɓi hular.

"Na gode... To don Allah ɗebo wani ruwan. Kuma ka rufe ƙofar nan, tsohuwa na leƙe."