Safar da Ta Toshe Injin Wanki

Ranar da mai gyara ya fara ganinta tana tsugune a bayan kicin, kumfa har gwiwar hannu, tana cuɗa zannuwan gado saboda injin wankin Hajiya ya ƙi zubar da ruwa. Ya kwance matatar injin, ya zaro wata 'yar safar jariri.

"Ga ɓarawon," in ji shi. "Ƙananan kaya a riƙa zuba su a jakar raga."

"To, Injiniya."

"Mai gyara ne ni, Mai Kumfa."

Sunayen da suka bi su ke nan.

Shekararta uku tana aikatau a gidan. Wayarta da katin shaidarta suna durowar Hajiya, wai don kada su ɓata, bakin get kuwa ba ta taka shi sai da rakiya. Ranar Lahadi kaɗai ake ba ta wayar, awa ɗaya. Lambarsa na jikin takardar da ya manna a injin, kuma a 'yar awar nan soyayya ta kama su.

"Mai Kumfa, yau injina uku na gyara, hankalina na wajen na huɗu."

"Ka yi magana mai amfani, Injiniya. Saura mintina tara."

Innarsa ta so ta hana auren. "Duk matan duniya sai 'yar aiki?" Ya ce, "Inna, ai ni ma gida-gida nake bi." Da ta sauko, ɗoki ya kwashe shi, ya kasa jiran Lahadi. Ranar Laraba ya tura saƙo: "Inna ta amince! Yaushe za mu ga magabatanki?"

Hajiya ce ta karanta.

"Na sallamar miki shi," ta ce tana murza makullin durowa. "Na rubuta masa kina da wanda za ki aura. In kin tafi, wa zai riƙe min gidan? Waya kuma kin gama gani."

Sati uku Mai Kumfa na aiki zuciyarta na ƙuna. Ran nan ta ɗauki safar jikan Hajiya, ta cusa ta ƙarƙashin robar ƙofar injin. Hajiya, da ba ta san Injiniyan cikin wayar shi ne mai gyaranta ba, da bakinta ta kira shi.

Ya shigo fuska a ɗaure, ko kallonta bai yi ba.  In bai gane saƙonta ba, shi ke nan. Ya zaro safar, ya dubi jakar raga a rataye a ƙusa, ya san ba ta taɓa mantawa da ita. Sai ya ɗago ya dube ta.

"Wa ya yi min wannan sakarcin?" Hajiya ta daka tsawa.

"Ni ce. Da gangan." Mai Kumfa ba ta sunkuyar da kai ba. "Ki ba ni wayata da katina. Aiki na zo yi, ba sayena aka yi ba."

"In kika fita, babu dawowa!"

"Na sani. In kuma kin hana, zan faɗa da ƙarfi har maƙwabta su ji."

Hajiya ta dubi tagar da ke buɗe, ta dubi mai gyara da ya miƙe tsaye. Ta ɗauko wayar da katin ta jefar a ƙasa. Mai Kumfa ta tsince kayanta, ta zare sakatar get da hannunta.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Inna ta kama hannun amarya. "Allah ya yi muku albarka, 'yata, ya sa gidan nan ya zame miki wurin hutu."

Da jama'a suka watse, ango ya buɗe akwatin aikinsa, sai ga safar nan duk ta yage.

"Sata ka yi, Injiniya?"

"Wasiƙarki ce. Ita kaɗai Hajiya ba ta iya karantawa ba."