Yaron da Ya Faɗo Daga Sama

Da Sufeto Liang ya isa ofishin kamfanin kargo a unguwar Liwan ta birnin Guangzhou, katakon zanen da aka sace kaɗai ya tarar a bango. An yanke zanen da reza.

"Daga Turai na sayo shi, fentin mai ne, ya haura shekara ɗari uku," in ji mai kamfanin, Madam Qiu. "Tatsuniyar Girkawa ce. Uba ya haɗa wa ɗansa Ikarus fukafukai da kakin zuma, rana ta narkar da su. Yaron yana faɗowa teku, uban yana kallo."

Sufeto ya duba katakon. Akwai shatin yatsa na manja.

Lokacin cin abincin rana aka yi satar, kuma Alhaji Maidaji, ɗan Maraɗi mai sarin takalma, shi ne ya fita ƙarshe. Aka kira Babayo tafinta.

"Wa ka bari a ciki?" Sufeto ya tambayi Alhaji.

"Babu kowa."

"An ga kwanon tuwo a kan benci. Wa ya kawo?"

"Da abina na zo."

Mai gadi ya ƙaryata shi. Ya ce Fasuma ce, Bakanuwar da ke dafa wa 'yan kasuwa abinci, kullum takan tsaya ta daɗe gaban zanen.

Sufeto ya koma kan Alhaji. "Me ya sa ka rufa mata asiri?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Bara ɗanta Zayyad ya rasu. Bizarsa ta ƙare, ya ji an ce ana duba takardu, ya diro ta taga daga hawa na shida. Ranka ya daɗe, ka ƙyale ta."

Sun same ta a ɗakinta, tukwane a wanke. Ba ta yi gardama ba. Ta jawo wani ƙunshin farin yadi daga ƙarƙashin gado. Babayo ya warware. Yaron ne kaɗai a ciki, an yanko shi daga zanen.

"Ina sauran?" in ji Sufeto.

"Na ƙona."

"Har uban?"

"Shi na fara ƙonawa." Muryarta ba ta rawa. "Zayyad yana ɗinkinsa lafiya a Fagge, ni na matsa masa ya zo. Ni na haɗa masa takardu. Kullum na kai abinci sai in ga yaron nan a sama, kai ƙasa, bai iso ba. Na ce bari dai in sauke shi ya huta."

Babayo ya fassara rabi, ya kasa ƙarasawa.

Sufeto ya mayar da yaron cikin yadin. Ya san za a ɗaure ta, daga baya a mayar da ita gida, kabarin ɗanta kuwa yana nan Guangzhou.

"Hajiya, mu je," in ji Babayo a hankali.

Ta gyara mayafinta. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ɗana, tambaye shi. Daga kurkukun, ana barin mutum ya je maƙabarta?"

Babayo bai tambaya ba.