Tan Biyar na Murfin Roba

Ruwan da ke cikin bahon nan ya yi sanyin da ko kare ba zai sa baki a ciki ba, amma hannuwan Lucyna suna ciki tun hantsi. A ɗakin ƙasa na makarantar firamaren garinmu take durƙushe, tana wanke murfin roba ɗaya bayan ɗaya, na gorar ruwa, na madara, na man wanke gashi. Ta kankare takardar da ke manne a ciki da farce, ta ɗauraye, ta baza a kan tsohon labule ya sha iska. Yatsunta duk sun tsattsage, wani wurin har jini yake tsattsafowa, in ta tashi miƙewa kuwa sai ta dafa bango ta jira ƙugunta ya yarda. Wayyo Lucyna! Shekararta talatin da huɗu kacal, amma in ka hango ta daga baya sai ka rantse kakar wani ce.

Marainiya ce, a gidan marayu ta tashi, ba ta san fuskar uwa ba balle ta uba. Waldemar ya auro ta ya kawo ta garinmu, suka yi shekara bakwai cikin rufin asiri, sai ya tafi aikin gini Jamus ya faɗo daga bene, aka dawo mata da shi a akwati. Ya bar mata 'ya ɗaya, Jagoda, yarinya mai surutu da dariya wadda ƙafafunta ba su taɓa ɗaukarta ba tun haihuwa. Keken guragun da take da shi tun tana 'yar shekara biyar ya matse ta, ya fara karkatar mata da baya, ga shi ba ya tafiya a kan ƙanƙara, don haka rabin shekara goya ta uwar take yi zuwa makaranta kafin ta ɗauki tsintsiya da bokiti, domin ita ce mai sharar makarantar. Likitan birnin Lublin bai ɓoye mata komai ba: in yarinyar nan ta ƙara shekara uku a tsohon keken, bayanta zai lanƙwashe har abada. Akwai keke mai batir da ake ƙerawa daidai jikin yaro, hukuma za ta biya kaso mai yawa, saura zuloti dubu biyar, kuɗin ƙasarmu, a kan Lucyna. Dubu biyar! Matar da miyar kabeji da dankali ke kai ta ƙarshen wata da ƙyar...

Shi ya sa aka kafa jan kejin ƙarfen nan mai siffar zuciya a ƙofar makaranta, kowa ya riƙa zuba murfi a ciki. Kamfanin niƙa roba yana sayen kilo a kan zuloti ɗaya, in dai an wanke kuma babu komai a ciki sai roba zalla. Tan biyar ke nan ake nema. Shekara biyu garinmu yana tarawa, yara suna gasa aji da aji, mashaya ma suna tunawa su sa a aljihu. Wanki da tsincewa kuwa a kan Lucyna ya ƙare, sai wata tsohuwa mai suna Genowefa, wadda idonta ya kusa tafiya, da take lallaɓowa da sandarta ta taya ta ɗaure bakin buhuna.

Shugabar kwamitin iyaye ita ce Bożena, yayar marigayi Waldemar. Mace ce mai jan baki da jar mota, mai son a ga hotonta kusa da kejin nan, ko da yake ban taɓa ganin ta jiƙa yatsa ɗaya a bahon ba. Tun ranar ɗaurin aure ba ta ƙaunar Lucyna. Da ruwa ya fara shiga ɗakin ƙasa sai ta zo tana toshe hanci.

"Ke matar ƙanina, a nan za ki bar dukiyar jama'a ta ruɓe? A kai siton mijina. Ga makulli ɗaya ki riƙe, kada gobe ki ce na hana ki."

"Na gode, Yaya. Allah ya saka da alheri."

"Godiyar ta isa. Ki dai kula, ko allura ta shiga buhu kamfani ba zai karɓa ba. Ke ma Kaka, da ke nake, kada makantarki ta jawo mana."

Genowefa ta ci gaba da ɗaurinta.

Bayan bikin Ista da sati biyu aka ce tan biyar ya cika. Ranar da za a kai kayan, Lucyna ta sa rigarta ta zuwa coci, ta shiga gaban babbar mota ita da shugaban makaranta, Pan Ryszard, Bożena tana biye a tata. A harabar kamfani mai sikeli ya jawo buhu ɗaya ya farke shi da wuƙa kamar yadda suka saba. Murfi ya zubo, ja da shuɗi da fari, tsaf-tsaf... sai kuma garin katako, sai tsummoki, sai tsakuwa ta biyo baya tana ƙara a kan siminti. Ya farke na biyu, haka. Na uku lafiya, na huɗu tsakuwa. Mutumin ya goge wuƙarsa a wando ya dube su sama da ƙasa.

"Ku da injinmu kuka zo kashewa? Tsakuwa ɗaya ta shiga, aikin wata guda ya tsaya. Ku kwashe kayanku, ko kilo ɗaya ba na so. Wai kuma da sunan yarinya mara lafiya! Ba ku ji kunya ba?"

Kafin kowa ya buɗe baki Bożena ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

"Na shiga uku! Lucyna, abin da za ki yi mana ke nan? Wa ke cika buhunan nan? Wa ke ɗaurewa? Wa ke da makulli? Ai ni dama na ga sabon takalmi a ƙafarta cikin hunturu, na yi shiru don darajar ƙanina da ke kabari. Kin sayar da na kirki kin cika mana da tsakuwa! Dama wanda ya tashi ba uwa ba uba, wa zai koya masa tsoron Allah?"

"Yaya... takalmin nan na matar Fasto ne... a'a, na 'yar'uwar Fada ne, ita ta ba ni..." Harshenta ya sarƙe, ta rasa ma me take faɗa. Ta durƙusa tana tsince murfin daga cikin tsakuwa tana zubawa a rigarta, hawaye na ɗiga a kai. "Pan Ryszard, keken 'yata ne fa! Yaya zan saci keken 'yata?"

Pan Ryszard ya kawar da kai, ya ce a mayar da buhunan mota.

Garinmu ƙarami ne, kafin motar ta iso labari ya riga ta. Ba zan wanke kaina ba, ni ma ina cikin waɗanda suka tsaya a shagon burodi suna cewa biri ya so ya yi kama da mutum. An dakatar da ita daga aiki sai an gama bincike, binciken da ba wanda ya fara. Kwamiti ya ɗora mata kuɗin motar da ta yi jigilar banza. Kejin nan da ba ya kwana uku bai cika ba ya koma wurin jefa guntun sigari, wani mara kunya ma ya zuba tsakuwa a ciki. A coci, bencin da take zama ya zama nata ita kaɗai da 'yarta, sai tsohuwa Genowefa da take zuwa ta zauna kusa da su tana jan carbinta. Lucyna ta koma wankin matakala a gidajen mutanen wani gari, ta fita da safe ta dawo da yamma tana jan ƙafa, ba ta kai ƙarar kowa ba, ba ta zagi kowa ba. Ƙarfin yin hakan ma babu.

Abin da ya karya ta, wata Laraba ce da ta je ɗauko Jagoda. Yarinyar tana bayanta, shiru, ba surutun da ta saba. Sai da suka wuce gada ta sa baki kusa da kunnen uwar.

"Mama... wai da gaske ke kika sayar da murfina? 'Yan ajinmu suka ce. In don abinci ne ba komai, Mama, ni ba na fushi. Bayan ma bai cika ciwo ba."

Kaico! A nan bakin hanya Lucyna ta zube a kan gwiwoyinta da yarinyar a baya, ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka kawo gawar mijinta. "Ya Ubangiji, na gaji... Ka san ban ɗauka ba. Ban roƙe ka ka kama kowa ba, bayan yarinyar nan kawai nake roƙo. Na gaji, ya Allah, na gaji!" Jagoda tana share mata hawaye ta baya da hannun rigarta, ita ma tana kuka.

Haka aka ci wata huɗu. A watan Agusta aka yi bikin cocinmu, bayan an fito daga sujada harabar ta cika da rumfunan alewa da balan-balan. Bożena tana rumfar kek ɗin kwamiti tana ta rabon murmushi. Lucyna kuwa tana can gefen katanga da tsohon keken, tana jiran mutane su ragu ta wuce. Sai ga wani dattijo baƙo, gajere mai ƙaton gashin baki, riƙe da hularsa a hannu ɗaya da leda a ɗaya, yana tambayar ina Fada, limamin cocinmu. Ya ce sunansa Ignacy, yana sayen tsohuwar roba da ƙarfe a wani gari mai nisan kilomita arba'in.

"Fada, gafarta mini, amana na kawo. Bara na sayi murfi buhu ɗari da ashirin, na ajiye sai kuɗinsa ya tashi. Makon jiya na fara buɗewa, kowane buhu sai na tsinci wannan a tsakiya. Ni kuwa ba zan jefa Uwar Almasihu a injin niƙa ba, ko nawa za a ba ni."

Ya zazzage ledar a kan tebur. Ƙananan hotunan Maryamu ne irin waɗanda cocinmu ke bugawa da sunansa a ƙasa, a bayan kowanne an rubuta da hannu mai rawa: Domin Jagoda.

"To ina yarinyar? Keken ya samu? Na ce bari in zo in gani da idona." Ya waiga ya hango Bożena, sai fuskarsa ta washe. "Af, ga ma uwargida mai jar mota! Ranki ya daɗe, kin gane ni? Ai na ce miki duk ranar da kika ƙara samu ki kawo, ban taɓa sayen murfi mai tsabtar naki ba!"

Wuƙar yanka kek ta faɗi daga hannun Bożena. 

"Ban... ban san shi ba. Mahaukaci ne!"

"Haba uwargida! Sau shida fa kika zo. Ba ke kika ce in daina ba ki takarda ba, sauri kike yi? Ai na rubuta lambar motar, mu sai da ita muke saye."

Sai aka ji ƙwanƙwasar sanda. Genowefa ce ta ratso mutane, ta lalubi hoto ɗaya ta kai shi dab da idonta.

"Rubutuna ne. Ni na riƙa sakawa kafin in ɗaure. An ce kada a sa komai, na ji, amma ni ba zan aika kayan marainiya hanya ba mai rakiya ba." Ta juya wajen da take jin numfashin Bożena. "Kin ce makantata za ta jawo muku. To ga shi ta jawo."

Mijin Bożena, wanda garin katakon sitonsa ne aka cika buhunan da shi bai sani ba, ya cire makullin motar daga jakarta a gaban kowa ya miƙa wa Fada. 'Yan sanda suka zo washegari. Aka sayar da jar motar aka biya kuɗin keken har da na jigila, aka tuɓe Bożena daga kwamiti, yanzu sai ta shiga bas ta tafi cocin wani gari, domin a namu ba mai amsa gaisuwarta. Mu kuwa muka yi layi muna ba Lucyna haƙuri, Pan Ryszard a gaba, hula a hannu, aka mayar da ita bakin aikinta. Da aka zo kaina ban iya haɗa ido da ita ba. Ba ta yi mana gori ba, ta dai ce, "Ya wuce. Yaushe za a auna Jagoda?"

Ranar farko ta komawa makaranta keken ya riga ya iso, shuɗi, an ƙera shi daidai bayanta. Suna isa kwanar makaranta Jagoda ta tsayar da shi.

"Mama, ki tsaya nan. Da kaina zan shiga."

"Akwai tudu a ƙofar fa..."

"Na gani. Ki zauna ki huta, don Allah."

Ta danna, keken ya tafi da ita, bayanta a miƙe, yara suka yanyame ta suna ihu, ko waiwayowa ba ta yi ba. Lucyna ta zauna a bencin bakin ƙofa tana kallo har 'yarta ta shige, ta ce, "Na gode maka, ya Allah," ta jingina kanta da katanga don ta ɗan numfasa kafin ta ɗauki tsintsiya. Allah ba ya mance mai haƙuri, sai dai kafin sakayya ta iso jiki ya riga ya gaya masa. Aka buga ƙararrawa ba ta motsa ba. Barci ya kwashe ta a zaune, da rana tsaka, hawaye bai bushe a kumatunta ba. Pan Ryszard ya fito ya gan ta, ya sa yatsa a baki ya yi wa masu wucewa alama, sannan ya koma ciki ya ɗauki tsintsiyar da kansa.