Ni'imatu da Mai Tsaron Gidan Malam Sambo

Motar makarantar ta tsaya a bakin titi, don lungun ba ya ɗaukar mota. Zayyanu ya jiyo hayaniyar yara tun daga zaure, ya miƙe da sauri yana gyara hula.

Wata uku ke nan rabon da wata makaranta ta amsa gayyatarsa. Gidan Malam Sambo tsohon gidan ƙasa ne a Ƙofar Rini, na wani malami da ya ƙare rayuwarsa yana kwafar littattafai da hannu. Jikokinsa suka mai da shi gidan tarihi, suka watse Abuja da Kaduna, suka bar wa Zayyanu makullai. Kullum shi zai buɗe, ya share, ya goge gafakokin fata da ake ajiye littattafan a ciki, ya zauna yana sauraron kurciyoyi har la'asar. Akwai ranar da in ban da sallama a masallaci, ba ya magana da kowa.

Yara talatin suka shigo a jere. A bayansu wata malama ce siririya da hijabi ruwan toka, tana riƙe da takalmin wata yarinya da ya tsinke.

"Sannu da aiki, Malam. Sunana Ni'imatu, ni ce malamar aji biyar. Ka yi haƙuri, mun makara."

"Ba ku makara ba," in ji shi. "Wata uku ina jiran ku."

Sai da maganar ta fita ya ji nauyinta. Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ranar ya koya wa yaran dama tawada da gawayi da ƙaro, ya feƙe musu alƙaluman gamba, kowa ya rubuta sunansa da ajami. Ni'imatu ta zauna a gefen tabarma ta gwada nata, tawada ta ɗiga ta ɓata takardar.

"Kin danna da ƙarfi, Malama. Sassauta hannu kaɗan."

Ta sake, sunan ya fito sarai. Da za su tafi ta karɓi lambarsa, wai saboda 'yan aji shida.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo wayarsa.

"Salam Malam Zayyanu. Yara sun hana ni sakat, wai yaushe za mu koma. Ni kuma har yanzu tawadarku ta ƙi fita daga yatsana."

Ya karanta sau huɗu kafin ya amsa.

"Wa alaikis salam Malama. Ki bar ta, ba ta cutarwa. Gidan ma tun da kuka tafi ya yi shiru fiye da da."

Ta kawo 'yan aji shida, ta kawo 'yan aji huɗu. Da azuzuwa suka ƙare, sai ta fara zuwa karatun ajami da Zayyanu ke koyarwa ranar Asabar tare da ƙanwar babanta, Gwaggo Hajara, wadda ta ce ita tabarmar inuwa kawai ta zo nema. Daga ɗalibai biyu suka koma tara, don Ni'imatu ta bi iyayen yara ɗaya bayan ɗaya a waya.

Wata Asabar bayan an watse, Gwaggo na gyangyaɗi a ƙarƙashin tsamiya, Zayyanu ya ce, "Malamata, ke ba kya gajiya da wannan tsohon gida?"

"Namu na Arkilla sabo ne, amma ya fi wannan shiru," ta ce. "Shekara huɗu da rasuwar Innata. Yayyena duk sun yi aure. Daga ni sai Baba, shi kuma idonsa ya yi rauni, ya daina karatu, ya rage magana. Ina kai masa abinci, ya ce Allah shi yi albarka, shi ke nan hirarmu."

Ya daɗe yana murza alƙalami a hannu.

"Ni'ima, ban iya tsara zance ba. Amma tun ranar da kika shigo zauren nan na daina jin tsoron wayewar gari. In kin yarda, ina son in turo magabatana."

Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska.

"Ka turo, mai tsaron tarihi."

Ba a kai ga turowar ba. Malam Abdulwahabu, mahaifin Ni'imatu, jikan alƙalai ne, ya yi aikin gwamnati shekara talatin da biyar. Da Gwaggo Hajara ta kai masa maganar, tambaya ɗaya ya yi.

"Ɗan wa na?"

"Ɗan Alhaji Lawwali na Gidan Dare, mai sayen shanu a kasuwar Kara."

"Mahauci?"

"Mahauci. Amma yaron ya yi karatu har jami'a, kuma..."

"Ban ce mutanen banza na ba, Hajara. Amma gidanmu bai taɓa haɗa zuri'a da gidan fawa ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Ga Jafar ɗan Yaya, shina aiki Abuja, tun bara yake maganarta."

Ya kira Zayyanu da kansa a waya, ya yi masa magana cikin mutunci, ya ce ya fita hanyar ɗiyarsa. Zayyanu ya ce, "To, Baba." Sannan ya tura wa Ni'imatu saƙo guda.

"Ni'imata, Baba ya yi magana, kuma ba zan zama sanadin ɓacin ransa da ke ba. Zan yi shiru. Ki yafe mini."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta masa, "Haka da sauƙi? Ko gardama ba za ka yi don ni ba?" Ya ga saƙon, ya kifa wayar a kan tabarma, bai amsa ba.

Ita ta ɗauka bai damu ba ne. Shi kuma ya haɗu da Lami, abokiyar aikinta, a bakin kasuwa, ta ce masa dangin Jafar sun je Arkilla da goro da alewa. Abin da Lami ba ta sani ba shi ne Ni'imatu ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce ba za ta yi masa musu a kan Zayyanu ba, amma ya taimake ta kada ya ba Jafar ita. Malam ya mayar da kayan, gidan ya ƙara yin shiru.

Karatun Asabar ya ragu zuwa mutum uku. Zayyanu ya rame. Don ya sama wa kansa abin yi, ya jawo wani kwali na tsofaffin kaset-kaset da wanda ya riga shi aikin ya bari, ya fara juye su zuwa kwamfuta. Hirarrakin tsofaffin unguwa ne, na marina da dukawa da ungozomai. A jikin ɗaya an rubuta: Taron mata, Hauwa'u matar Malam Abdulwahabu.

Ya saka. Muryar mace ta fito tana dariya, dariyar da ya sani sarai, don irin ta Ni'imatu ce. Minti ashirin da biyu tana ba da labarin yarintarta a Ƙofar Rini, da yadda ake kai amarya a da, da yadda maigidanta ba ya cin tuwo sai da man shanu ko da likita ya hana.

Ya juye muryar a ɗan katin waya, ya saya wa katin ƙaramar rediyo, ya kai wa Gwaggo Hajara gidanta.

"Gwaggo, ki ba Baba. Don Allah kada ki ce daga ni ne."

Gwaggo ta kai bayan sallar azahar, ta ajiye a gaban Malam ta danna. Ni'imatu na kicin ta ji muryar, ludayi ya faɗi daga hannunta. Ta fito da gudu ta tarar da mahaifinta ya dafe rediyon da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Ta zauna kusa da shi. Da aka zo wurin man shanu, su biyun suka yi dariya cikin kuka. Sau uku suka saurara.

"Hajara, ina kika samo wanga?"

"An ce kada in faɗi," in ji Gwaggo. "Amma ni ban yi alkawari ba. Ɗan mahaucin nan na."

 Kwana biyar Malam bai tayar da maganar ba. Ranar Alhamis ya ce Gwaggo ta tsayar masa da keke-napep.

Zayyanu na shara ya ga dattijo da sanda a bakin zaure. Ya yar da tsintsiya ya durƙusa.

"Na hana ka ɗiyata, kai kuma ka aiko min da muryar matata. Don mi?"

"Taku ce, Baba. Ba ni da ikon riƙe ta."

"Ba don in canza magana ba?"

"Da don haka ne, da na rubuta sunana a jiki."

Malam ya zauna a kan dakali, ya ce a ɗauko masa ɗaya daga littattafan Malam Sambo a karanta masa. Zayyanu ya buɗe gafaka ya fara karatu a tsanake. A shafi na biyu ya tsaya.

"Baba, akwai kalma nan da ta fi ƙarfina. Shekara biyu ina dubanta ban gane ta ba."

"Karanto abin da ke gabanta da na bayanta."

Ya karanto. Malam ya faɗi kalmar nan take, ya kawo ma'anarta, ya ƙara da labarin inda ya fara jin ta a bakin kakansa. Har aka kira la'asar yana magana.

Asabar ta zagayo, sai ga shi ya dawo. Ta gaba ma haka. Zayyanu na karantawa, Malam na fassarawa, labari ya bazu, zaure ya cika har ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Maganar aure kuwa babu wanda ya ɗaga. Zayyanu bai nemi Ni'imatu ba, ita ma ba ta zo ba, sai dai kowace Asabar ita ke goge wa mahaifinta babbar riga.

A wata na uku da fara zuwan Malam, gidan tarihin ya shirya taron masu sana'o'in gargajiya. Cikin waɗanda aka gayyato har da Alhaji Lawwali. Ya zauna ya lissafo kakanninsa bakwai, da hanyoyin da suka bi da shanu, da ƙa'idojin yanka da mahaifinsa ya koya masa kafin ya ba shi wuƙa. Malam Abdulwahabu ya yi masa tambaya a kan hukuncin dabbar da ta ji rauni kafin yanka, Alhaji ya amsa daidai, har ya ƙara da abin da Malam ya ce bai taɓa ji ba.

Da aka watse, Malam ya riƙe hannun Alhaji bai saki ba.

"Alhaji, na yi wa ɗanka rashin adalci, kai ma na yi maka, ban ko san ka ba. In har yanzu kuna so, ku taho Juma'a."

Da yamma kafin magariba saƙon Zayyanu ya shigo wayar Ni'imatu, karo na farko cikin wata biyar.

"Ni'imata, Baba ya ba ni izinin in gaishe ki. Na ga saƙonki na ƙarshe tun ranar, kuma kullum sai na amsa shi a zuciyata. Ba da sauƙi ba ne, wallahi ba da sauƙi ba."

Ta bar shi yana jira har ta idar da salla, sannan ta rubuta.

"Na yi fushi da kai sosai, Zayyanuna. Sai ka zo ka ba da haƙuri da bakinka. Kuma na ji an ce ka rame, ka ci abinci."

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla a ƙofar gidan Malam a Arkilla. Malamai da mahauta suka cakuɗe a kan tabarmi ɗaya, Jafar ma ya zo daga Abuja ya yi wa ango murna. Walimar kuwa iyayen ɗalibai suka nace sai a Gidan Malam Sambo, matan unguwa suka girka, yaran aji biyar suka yi ta kai da kawo da farantai.

Da lokacin tafiyar amarya ya yi, Ni'imatu ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka.

"Baba, wa zai zauna da kai?"

"Mijinki ya riga ki tunani. Gidan da ya kama, katanga ɗaya ta raba mu." Ya laluba ya dafa kanta, ya miƙa ɗaya hannun, Zayyanu ya matso ya sunkuya. "Allah shi yi muku albarka. Allah shi cika gidanku da zuri'a mai yawan surutu, don ni dai na gaji da shiru."

Duk tsakar gidan aka amsa da amin, Gwaggo Hajara ta rangaɗa guɗa.