Aljihun da Ya Yi Laƙwas

Da safe wata ɗaliba ta buɗe firij ɗin ɗakin gwaji, ta tarar da gurbin kwalbarta wayam. Shekara huɗu tana rainon ƙwayoyin bakteriyar da ke ciki, ga shi saura mako guda ta kare digirinta. Aka kira 'yan sanda, Sufeto ya iso.

Mutum uku ke da makulli: ita, mai shara, da Farfesa, malaminta.

Mai shara ta ce, "Yallaɓai, kwanana uku a asibiti ina jinyar maigidana." Aka buga waya, haka ne.

Farfesa ya girgiza kai. "Yarinyar nan ce ta sayar. Yaran yanzu, sai addu'a!"

Sufeto ya dubi ɗalibar. "Me ƙwayoyin ke yi?"

"Suna fitar da sinadarin da ke narkar da sitaci, yallaɓai. Amma akwai makunni a ƙwayar gadonsu. Muddin da sukari, a kashe yake. Sukari na ƙarewa, suka ji sitaci, sai ya kunnu."

"Murfin kwalbar fa?"

"Yana ɗan yoyo. A tsaye ake ajiye ta."

To, Sufeto ɗan mai wanki da guga ne, ya sha ranƙwashi a kan sitaci tun yana ƙarami. Tun shigowarsa idonsa ke kan farar rigar aikin Farfesa da ke rataye. Ta sha sitaci, ƙam kamar kwali, amma aljihunta ya yi laƙwas.

"Ba ni aidin, 'yata."

Ya yayyafa. Rigar ta rine shuɗi, kamar yadda aidin ke yi wa sitaci. Aljihun kaɗai ya ƙi.

"Ranka ya daɗe, a aljihun nan ka ɗauke kwalbar, ta yi yoyo. Sukarin ƙwayoyin ya ƙare, suka far wa sitacinka."

Aka shiga bincike. A but ɗin motar Farfesa aka sami kwalbar cikin ƙanƙara, tare da takardar rajistar binciken, da sunansa shi kaɗai. Sufeto kansa sai da ya yi salati.

Ɗalibar ta rungume kwalbarta, hawaye shaɓe-shaɓe. Uba ta ɗauki Farfesa, shi ya sa abin ya fi ƙona ta.

"Malam," ta ce, "kai fa ka koya min makunnin nan."